Maharbi, Me Ka Gani Kafin Ka Harba?

In kai mutumin Ajekoriya ne, ko na wani ƙauye a ƙasar Dakoro, ka san yadda bazara take. Tabkuna sun ƙafe, ciyawa ta ƙare, iska kamar daga maƙera take fitowa. A irin wannan lokaci ba sai maharbi ya sha yawo ba. Ya isa ya sami wurin da ɗan ruwa ya rage, ko ya watsa tsabar gero a gindin kalgo, ya ɗura adakarsa da albarushi, ya laɓe. Yunwa da ƙishirwa za su kawo masa zabin daji har gabansa. A zamanin kakanninka har barewa sukan kawo.

To, ga tambaya. Daidai ne mutum ya kashe dabba ta hanyar yunwarta?

Kada ka yi saurin amsawa. Gaskiya ne Hausawa sun ce kowa ya ci zomo ya ci gudu, mai kwanto kuwa ya ci nama bai ci gudu ba. Amma ai farauta duka dabara ce. Wanda ya ɗaura kan burtu a goshinsa, yana rarrafe yana gyaɗa kai, ba gaskiya yake faɗa wa barewa ba. Wanda kuma 'ya'yansa suka daɗe ba su ɗanɗana nama ba, ba ni ne zan yi masa faɗa a kan tsabar gero ba.

Ba a ƙasarmu kaɗai ake wannan gardama ba. A dazuzzukan Kanada da Amurka akwai wata dabba, baƙar beyar, mai gashi, babbarta ta fi ƙaton mutum nauyi. Takan shiga rami ta kwanta dukan watannin sanyi ba ci ba sha, a cikin ramin ne ma macen take haihuwa. Sa'ad da sanyi ya wuce sai ta fito a rame, da yunwa mai tsanani. A lokacin nan ne waɗansu mafarauta sukan ajiye ganga cike da kitse da kayan zaƙi, su hau itace su jira. Waɗansunsu da gangan suke ɗaukar bindigar da ake ɗurawa ta baki, 'yar'uwar adakarka, ko da yake suna da ta zamani, domin su ba kansu harbi ɗaya tak.

Mutane da yawa suka ce wannan ba daidai ba ne, gama macen takan bar 'ya'yanta a kan itace ta zo wurin gangar ita kaɗai. In aka harbe ta, yunwa ce za ta kashe su. A 1992 jama'ar jihar Kolorado suka jefa ƙuri'a, suka hana farautar beyar a wannan lokaci, suka kuma hana ajiye mata abinci. Lardin Ontariyo na Kanada ya hana farautar lokacin a 1999, sa'an nan ya soma maido da ita a 2014. Mafarautan suna da tasu magana, tana kuwa da nauyi. Suka ce dabbar da ta tsaya tana ci, ita ce ake iya dubawa da kyau, a gane namiji ne ko mai shayarwa, a kuma harbe ta a wurin da za ta mutu nan take, ba ta tafi da rauni ba.

Ka lura da abin da suka faɗa, gama ya shafe ka. Sa'ad da kake bin sawu, daji yana tsare dabba: iska takan kai mata warinka, ƙafafunta su cece ta. Sa'ad da ka zauna a bakin ruwa, ka ɗauke mata waɗannan duka. Ba abin da ya rage tsakaninta da mutuwa sai idonka da zuciyarka. Ka sami lokacin dubawa. Ba za ka iya cewa ba ka gani ba. Ka ga hantsarta cike da nono? Ka ga zabuwa ce ta taso daga kan ƙwai da damina ta faɗi? Tun dā dokar Musa, a Kubawar Shari'a sura 22, ta hana mutumin da ya tarar da tsuntsuwa a sheƙa ya haɗa uwa da 'ya'ya ya kwashe. Adaka kuwa mai sanyin ɗuri ce, takan koya wa mai ita haƙuri ko da ba ya so.

Wanda ba shi da abin faɗa shi ne mai zuba guba. Dila ya ɗauke masa ɗan akuya, ransa ya ɓaci, ya barbaɗa dafi a mushe, ya koma gida ya yi barci. Shi bai ga kome ba. Dilan ya ci, ungulaye suka ci, karen makiyayi ya ci. Dokar farauta ta Nijar, ta 1998, ta hana farauta da abinci mai guba.

Tambayi tsofaffi abin da ke arewa da kwarin Tarka dā. A 1955 aka keɓe dajin Gadabeji, kadada 76,000, domin namun jeji, musamman mariri. Ba adaka kaɗai ta cinye su ba. Akwai fari, da faɗaɗar gonaki, da bindigogin zamani, da masu bin dabba da mota har ta faɗi. Duk da haka mariri ya ƙare a Nijar ƙaf. Raƙumin dawa ma ya ɓace daga Gadabeji shekaru wajen hamsin. Da aka so a sake ganinsa a can, a 2018, sai da aka kamo guda 8 daga wajen Kure, kusa da Yamai, aka loda su a mota, aka yi tafiyar kilomita 800 da su.