Ciwon Da Ba A Zuwa Dubiya

Akwai ciwon da ake zuwa dubiyarsa da lemo da ayaba, akwai kuma wanda ko sannu ba a yi wa mai shi. Wanda zazzaɓi ya kayar kowa ya shaida. Amma wanda ke wuni yana atishawa, hanci a toshe, idanu jajur suna zubar da ruwa, shi yana tsaye da ƙafarsa, saboda haka sai a ce ai lafiyarsa lau, raki ne kawai.

Mai karatu, dubi ƙasarmu daga Ikara zuwa Makarfi har Kudan. Abincin jama'a a cikin ƙura yake. Da kaka ta shigo sai sussuka da shiƙa, ƙaiƙayi na tashi. Ga masu ɗura busasshen barkono a buhu, ga yaran injin niƙa da ke fitowa fari fat kamar an tono su, ga masu dafa mazarƙwaila cikin hayaƙi a ƙasar rake, ga malamar firamare da allinta. Kafin a huta kuma hunturu ya sauko da ƙurar Sahara tun daga Nuwamba har Fabrairu. Mutum goma za su shaƙi abu ɗaya, tara su yi tari sau biyu su wuce, na goman ya kwana a zaune yana neman numfashi.

Wannan na goman shi ne abin tambayata. Shin adalci ne a auna shi da mudun da aka auna sauran?

Likitoci suna ce wa abin alaji, idan ya fito a fata kuma mu ce borin jini. Sojojin da ke tsaron jiki ne ke ɗaukar abin da ba ya cutarwa a matsayin maƙiyi, sai su saki wani sinadari mai suna histamin, shi ke kawo ƙaiƙayi da kumburin hanci da majina. Ba a ɗauka kamar mura, amma ana gado. Mura takan yi mako guda ta tafi, shi kuwa yana nan muddin abin da ke tayar da shi yana nan, wani ma har ya kai shi ga asma. To ina laifin mutum a abin da jininsa ya yi ba da shawararsa ba?

Na san amsar maigida: “Mu ma ai ƙurar muke shaƙa.” Kuma ban ce ba shi da hujja ba. Injinsa ba zai tsaya jiran mai atishawa ba, shi ma bashi ne a wuyansa, ga wasu a ƙofa suna neman aikin. Sai dai hancinsa ba shi ne hancin yaronsa ba, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Tun a 1700 wani likita a Italiya, Bernardino Ramazzini, ya rubuta littafi a kan cututtukan masu sana'a, har da masu niƙa da masu tankaɗe, ya kuma ja hankalin likitoci su riƙa tambayar majiyyaci sana'arsa. Shekara ɗari uku ke nan da wani abu, mu har yau muna gardamar ko gaskiya yaron yake faɗa.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne tarkon magani. Yarinya ta ji tsoron kada a ce ta cika ƙorafi, sai ta sayi Piriton a kemis ta haɗiya da safe. Atishawa ta lafa, barci ya taso, don haka maganin yake. Yanzu kuma sunanta ya tashi daga mai raki ya koma mai gyangyaɗi a bakin aiki. Idan kusa da bel ɗin inji take fa? Alhali akwai irin su cetirizine da loratadine da ba su cika sa barci haka ba, da ta samu wanda zai gaya mata a asibiti.

Mu mata kuwa an fi yi mana huɗubar haƙuri. Haƙuri abu ne mai kyau, wallahi, amma a kan abin da ba shi da makawa ake yin sa. Yin shiru a kan abin da za a iya gyarawa da ɗan ƙyalle, wannan tsoro ne aka sa wa sunan haƙuri. Wanda kuma ya ce “yi haƙuri” don kada a dame shi, kansa ya taimaka.

Abin da ake nema a wurin maigida ma ba shi da yawa. A mayar da ita wajen awo ko karɓar kuɗi, a tsayar da ita inda iska ke kore ƙurar ba inda take tara ta ba, a yayyafa ruwa kafin shara, a bar ta ta wanke fuska ta sauya mayafi idan an tashi. Takunkumin nan da muka sa dole a 2020 lokacin korona, har yau ana sayar da shi, amma ranar da ta sa shi a rumfar barkono sai abokan aikinta sun fara tambayarta ko warinsu take ji.