Bayan An Ga Aya: Uwargida A Cunkoson Hanyar Komawa Gida

  

Ranar Litinin 8 ga Afrilu, 2024, wadda ta faɗo a ƙarshen Ramadan na 1445, an yi husufin rana cikakke a Arewacin Amurka. Inuwar wata ta shigo ta gaɓar ƙasar Meziko, ta ratsa Amurka daga jihar Tekzas zuwa jihar Maine, ta taɓa gabashin Kanada. Wanda yake cikin wannan siririn zirin shi kaɗai zai ga rana ta rufe ruf, wanda ke wajensa ɓari kawai zai gani. Don haka jama'a suka kwashi mata da yara a motoci suka nufi ƙananan garuruwan da ke kan zirin. Inda duhun ya fi daɗewa bai cika minti 4 da rabi ba.

To, sai komawa gida. A jihar New Hampshire akwai wata mashiga tsakanin duwatsu, Franconia Notch, inda babban titi yake tsukewa ya koma layi ɗaya a kowane hannu. Nan motoci suka yi cirko-cirko tun yamma har tsakar dare ya gota. Tafiyar awa 3 ko 4 ta ci wa wasu awa 10, wasu ma fiye. Ba farau ba ne kuma. A husufin 21 ga Agusta, 2017, wanda bai wuce minti 2 da daƙiƙa 40 ba, garin Madras na jihar Oregon, mai mutum dubu 6 da ɗoriya, ya karɓi baƙi wajen dubu 100. Masu komawa Denver daga jihar Wyoming kuwa sai da suka ninka lokacin da suka saba yi a hanya.

Me ya kawo haka? Zuwan an yi shi ne a rarrabe, wani tun Juma'a, wani Asabar, wani da asubahin ranar. Tashin kuwa a minti ɗaya aka yi shi. Da bakin rana ya leƙo, kowa ya zabura ya tayar da mota don ya riga ɗan'uwansa, alhali husufin bai ƙare ba, saura fiye da awa guda kafin wata ya gama janyewa. Hukumomi sun yi ta roƙon jama'a su zo da wuri, su zauna wuri ɗaya, kada su yi saurin tashi. Waɗanda suka bi shawarar suka kwana suka kama hanya washegari, su ne suka huta. Sauri ya haifi nawa.

Kada ki ce ina ruwanmu da abin da ya faru a ƙasar wasu. Da yawa cikinmu ba mu manta da hantsin Laraba 29 ga Maris, 2006 ba, lokacin da inuwar ta biyo ta Gana da Togo da Binin ta rufe Gusau da Katsina ta haura Nijar, kaji suka nufi akurki da rana tsaka. Kuma ko ba husufi, wace ce a cikinmu ba ta taɓa maƙalewa a gosulo ba a hanyar dawowa daga Idi, ko tafsiri, ko ta'aziyya? Abin da nake so mu duba shi ne halin da zuciya take shiga tsakanin ganin aya da isa ƙofar gida.

Mu fara da ita ayar. An yi husufin rana a Madina ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) ya rasu, a shekara ta 10 bayan Hijira, mutane suka ce saboda rasuwarsa ne. Duk da zafin rashin ɗa, Annabi (SAW) bai bar maganar ta wuce ba. Ya sanar da su cewa rana da wata ayoyin Allah ne, mutuwar wani ko rayuwarsa ba ta sa su husufi, ya kuma umarce su da salla da addu'a da kabbara da sadaka har abin ya yaye. Sallar raka'a 2 ce, kowace raka'a da tsayuwa 2 da ruku'u 2. Nana Asma'u 'yar Abubakar (RA) ta ba da labarin cewa ta iske Nana A'isha (RA) tana cikin wannan salla, ita ma ta bi, tsayuwar ta yi tsawo har jiri ya fara ɗibarta, ta riƙa zuba wa kanta ruwa. Kin ji mata ke nan, ba su ce salla ta maza ce ba. Ki lura kuma da cewa abin da aka koya mana shi ne mu tsaya har rana ta washe. Wanda ya bi wannan sunna ba ya cikin masu rige-rigen fita a minti na farko.

Ba ina cewa kallon husufi laifi ba ne. Alƙur'ani cike yake da kira zuwa ga duba sammai da ƙasa da tunani a kansu, kuma sanin da masana taurari suke yi na ranar da zai faru bai rage masa komai ba, sai ma ƙara nuna cewa rana da wata a kan lissafi suke tafiya. Sai dai a kula da idon yara. Tsurar ido, baƙin gilashin kwalliya, ko kallon ranar a cikin ruwan kwano, babu wanda yake kare ido daga ƙonewa. Gilashi ne na musamman, in babu shi a haƙura.

Yanzu ga mu a hanya. Ki tuna yammacin Arfa a Hajjin Bankwana. Dubban mutane sun yini suna kuka suna addu'a, rana ta faɗi, kowa ya yunƙura a lokaci ɗaya zuwa Muzdalifa. Annabi (SAW) yana kan taguwarsa Ƙaswa'u, Usama bn Zaid (RA) yana bayansa. Ya ji hayaniya da dukan raƙuma a baya, sai ya yi nuni ga jama'a yana umartarsu da natsuwa, yana sanar da su cewa ba a samun lada da sukuwa. Shi kansa ya ja akalar taguwar sosai, yana tafiya a hankali cikin matsi, sai ya samu sarari yake ƙara sauri. Duk lokacin da na karanta wannan nakan yi mamakin yadda ya san mu. Mutumin da ya gama zubar da hawaye a gaban Ubangijinsa, shi ne dai bayan minti kaɗan yake bangaje ɗan'uwansa don ya wuce.

Masu binciken zirga-zirga ma sun iske haka. A wani gwaji da aka yi a Japan aka wallafa a 2008, an sa motoci 22 su riƙa zagaya da'ira mai tsawon mita 230 da gudu iri ɗaya, ba shinge, ba hatsari. Ba a jima ba sai ga cunkoso ya haɗu da kansa. Wani ya ɗan matso, ya taka birki, na bayansa ya taka fiye da shi, haka abin ya yi ta komawa baya har wasu suka tsaya cak. Wato mai liƙe wa motar gaba, da mai tsalle daga layi zuwa layi, da mai bin hannun da ba nasa ba, su ne suke ƙulla abin da kowa yake kuka da shi. Kawar da cuta daga hanya reshe ne na imani, to ina ga wanda ya mayar da motarsa ita ce cutar?

Kina iya cewa ai ba ni ke tuƙi ba. Wasunmu suna tuƙi, amma ko maigida ne a sitiyari, harshenki yana tuƙa shi. "Ai da ma na ce mu tashi da wuri." "Dubi kowa na wuce mu, kai ka tsaya." "Bi ta gefen nan mana." Haba 'yar'uwa! Mutum ya gaji, ƙafarsa ta sage a kan birki, yara suna kuka a baya, sannan ki ƙara masa da gori? Sau nawa irin wannan zuga ta sa magidanci ya faɗa wan-we ya yi karo, ko ya fito ya cakumi wuyan wani? Ki miƙa masa ruwa, ki ce Allah Ya huci zuciyarka, ai za mu isa. In ya fara zagin direban gaba, ki tuna masa a hankali cewa yara suna ji. Su kuwa yaran, duk abin da suka gani a sama da hantsi zai dushe, amma ashar ɗin da suka ji a mota sai sun kai ta makaranta.

Guzuri kuma a hannunki yake. Waɗanda suka kwana a titin New Hampshire ba yunwa da ƙishi kaɗai suka sha ba, har da rashin banɗaki da fargabar ƙarewar mai. Kafin a fita ki tambayi maigida ko an cika tanki. Ki ɗauki ruwan da ya fi na buƙata, da ɗan abin taɓawa, da ƙunzugun jariri, da maganin wanda yake kan magani, musamman tsohuwa mai ciwon suga ko hawan jini, da buta da sallaya. Ki ƙara da na wani. An umarce mu da sadaka a ranar husufi, kuma mai jego da ke motar kusa da ke, wadda ruwanta ya ƙare, ta fi kowa cancanta a wannan lokaci, Musulma ce ko ba Musulma ba.

Sai babbar magana, salla. Nan ne da yawa daga cikinmu muke sakaci, mu ce sai mun isa gida, La'asar ta fita, Magariba ta bi ta. Maza sukan sauka su yi a bakin titi, mace kuwa kunya ta riƙe ta a kujera. Cunkoso ba ya ɗauke salla. In tafiyar ta kai ta ƙasaru, wato wajen kilomita 80, kina da sauƙin mayar da mai raka'a 4 zuwa 2, kina kuma da sauƙin haɗa Azahar da La'asar, ko Magariba da Isha'i. Mai hankali takan yi alwala tun kafin a tashi, in kuwa lokacin Azahar ya shiga kuma ta san La'asar za ta fita suna hanya, sai ta haɗa su kafin ta shiga mota. In babu ruwa, ko wanda ya rage na sha ne, ga ƙasa ga dutse, ki yi taimama. Farilla a ƙasa ake yin ta, a tsaye, ana fuskantar alƙibla, don haka in motoci sun tsaya kuma wurin da aminci, ki sauka da hijabinki, maigida ya tsaya kusa. In sauka ta gagara kuma lokaci zai fita, malamai sun ce ki yi ta yadda za ki iya a inda kike, kada ki bari ta wuce. Ragowar awannin kuwa ga tasbihi, ga tilawa, ga addu'ar matafiyi wadda aka yi mana bushara da karɓuwarta.

Masana sun ƙididdige cewa ranar Litinin 2 ga Agusta, 2027, in Allah Ya kai mu, inuwar husufi cikakke za ta bi ta Arewacin Afirka, ta rufe Luksor a Masar fiye da minti 6, ta tsallaka teku ta rufe Jidda, ta kuma rufe Makka kimanin minti 5 jim kaɗan bayan Azahar. Wata cikinmu tana can tana Umara a ranar, ko 'yarta, ko surukarta. In ke ce, idan aka sallame kika ga jama'a sun yi ca a ƙofofin Harami da tashar motoci, ki riƙe hannun tsohuwar da kuka zo tare, ki samu gefe ki zauna da gorar zamzam ɗinki har ƙofa ta yi sarari.