HAƘƘIN WAƊANDA AKA FARA DA SU

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda ya raba arziki tsakanin bayinsa, ya sanya sashensu yana bukatar sashe. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka:

Ya 'yan'uwa masu karatu, maganarmu ta wannan mako ta shafi wata sana'a wadda iyayenmu ba su san ta da wannan suna ba, watau kamfanin ba da shawara. Wanda ya zaga Kano ko Kaduna ko Abuja zai ga allunansu a jikin benaye: wannan na lissafin kuɗi da haraji ne, wancan na aikin gona, wancan kuma na zanen gini da awon ƙasa. Galibi mutum ɗaya ne yake farawa, tsohon ma'aikacin banki ko na gwamnati, ya kama ɗaki ɗaya ko biyu, ya ajiye tebur da kwamfuta, ya jawo samari biyu ko uku waɗanda suka gama jami'a. Tun da aka yi sabuwar dokar kamfanoni a shekarar 2020 ma, mutum shi kaɗai yana iya yi wa ƙaramin kamfani rajista ba sai ya nemo abokin tarayya ba.

To, ɗan kasuwar Kantin Kwari hajarsa tana cikin shago, in ya kulle ya san adadinta. Shi kuwa mai wannan sana'a ba shi da wata haja sai ilmin da ke cikin kan yaransa da amanar da ke cikin zukatansu. Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya faɗa mana a hadisin da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito cewa wanda aka nemi shawararsa an ba shi amana ce. Ke nan kamfanin da sana'arsa shawara ce, amana yake sayarwa. Ita kuwa wannan amana ba a hannun maigida kaɗai take ba. Yaron da ya duba littattafan kuɗin wani attajiri ya san sirrinsa, wanda ya tafi ƙauye ya ƙirga manoma shi ya san ko alƙaluman da ya kawo na gaskiya ne ko a gindin bishiya ya zauna ya ƙaga su. Yaya maigida zai nemi amana wurin wanda shi kansa bai riƙe tasa amanar ba?

A 'yan shekarun nan an shigo da wata al'ada ta yin liyafar ƙarshen shekara, a kama zaure a otal, a ci a sha, a ba wani takardar yabo a cikin gilashi, a ɗauki hoto. Babu laifi a cikin wannan, kuma ciyar da abinci sunna ce. Abin da muke cewa shi ne, godiya tana da tsari kamar yadda salla take da tsari, ba a gabatar da nafila a kan farilla. Farillar godiya ga ma'aikaci ita ce ladansa, cikakke, a kan lokacinsa. Ibn Majah ya ruwaito umarnin da aka yi na a ba ɗan ƙwadago ladansa tun guminsa bai bushe ba. A cikin Buhari kuwa akwai hadisin Ƙudusi inda Allah Maɗaukakin Sarki ya ambaci mutum uku waɗanda shi da kansa zai zama abokin husumarsu ranar Alƙiyama, na ukunsu shi ne wanda ya ɗauki ma'aikaci, ya karɓi aikinsa cif, sa'an nan ya hana shi lada.

Uzurin da aka fi ji a irin waɗannan ofisoshi shi ne, "Ma'aikatar da muka yi wa aiki ba ta biya mu ba tukuna." Sau da yawa gaskiya ne, don kowa ya san yadda takardar biyan kuɗi take daɗewa a kan tebura. Amma yaron da kai kuka ƙulla, bai ƙulla da ma'aikata ba. In babu kuɗin da gaske, to a tara su a faɗa musu halin da ake ciki, a nuna musu takardun, kuma maigida ya fara tsuke nasa aljihun. In kuwa akwai, aka jinkirta albashin wata biyu alhali an sauya mota, to wannan shi ne taurin bashin mawadaci wanda hadisi ya kira zalunci. Dokar ƙasa ta mayar da mafi ƙarancin albashi Naira 70,000 a shekarar 2024, amma ta tsame wurin aikin da mutanensa ba su kai 25 ba, kuma yawancin kamfanonin da muke magana a kai suna cikin waɗanda aka tsame. Shari'a ba ta tsame kowa ba. Wanda ya ɗauki mutum ɗaya tak za a tambaye shi game da shi.

Yanzu sai mu zo ga zuciyar maganar, watau ranar da Allah ya buɗa. Kamfani ya sami babbar kwangila, an tashi daga ɗaki biyu an koma bene, an ɗauko ƙwararru masu manyan takardu da babban albashi. Ina matsayin waɗanda aka fara da su, waɗanda suka kwana a ofis ana haɗa rahoto da fitilar caji, suka yi haƙuri da rabin albashi, aka riƙa ce musu, "Ku daure, in abu ya yi kyau da ku za a ci"?

Mu tuna labarin mutum uku da dutse ya rufe a cikin kogo, wanda Buhari da Muslim suka ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar, Allah ya yarda da su. Kowannensu ya yi tawassuli da aikinsa na ƙwarai. Ɗaya daga cikinsu ba tsayuwar dare ya ambata ba, ba kuwa azumi ba. Ma'aikaci ya taɓa ɗauka a kan ladan 'yan mudu na shinkafa, mutumin ya tafi bai karɓa ba. Sai ya shuka wannan hatsi, ya yi ta juya shi har ya zama garken shanu da makiyayinsu. Bayan an daɗe mutumin ya dawo neman ɗan ladansa, sai aka nuna masa garken aka ce ya kora, nasa ne. Har ya zaci ba'a ake yi masa. Ya kora duka bai bar ko ɗan maraƙi ba. Malaman fiƙihu sun yi saɓani a kan ko ba da ribar tilas ne ko kyautatawa ce, ba kuwa wannan ne wurin warware saɓanin ba. Abin lura shi ne, mutumin nan bai ga haɓakar dukiyarsa daban da gumin wanda ya yi masa aiki ba, kuma da wannan dutsen ya gusa.

Sa'an nan maganar nan ta "in abu ya yi kyau da ku za a ci" ba magana ce mai sauƙi ba a mazhabarmu. Sanannen zance a wurin Malikiyya shi ne, in mutum ya yi alkawari, wanda aka yi wa ya shiga wani hali saboda dogaro da alkawarin, to cikawa ta zama wajibi har alƙali yana iya tilastawa. Yaron da ya ƙi karɓar aikin banki, ko ya ajiye na gwamnati, domin ka ce za ka ba shi kaso ko ka mayar da shi abokin tarayya, ya shiga wannan hali. Saboda haka ne malamai suka tsananta a babin ijara, suka ce sai lada ya zama sananne, aiki ko lokaci ya zama sananne. Dubi yadda Suratul Ƙasas ta ba da labarin Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, da dattijon Madyana: an yanke shekara 8, an bayyana cewa cika 10 ganin damarsa ne, dattijon kuma ya ce ba ya nufin ya tsananta masa. Annabi ne guda, amma ba a bar abin a kan "za mu gani" ba. Wanda ya yi niyyar ba da kaso ya rubuta shi, a sa shaidu. Wanda bai yi niyya ba ya kama bakinsa.

Wani zai ce, to ai dole ne a biya sabon ƙwararre fiye da tsohon yaro, in ba haka ba ba zai zo ba. Gaskiya ne, kuma makamancin wannan ya faru a zamanin Manzon Allah. A shekara ta 8 bayan hijira, da aka gama yaƙin Hunaini aka zo rabon ganima a Ji'irana, ya ba shugabannin da ba su daɗe da shiga Musulunci ba raƙuma ɗari-ɗari, irin su Abu Sufyan ɗan Harbu da Uyaina ɗan Hisnu da Aƙra'u ɗan Habisu, domin a rarrashi zukatansu. Mutanen Madina kuwa, Ansaru, waɗanda suka ɗauki nauyin da'awar tun tana da rauni, ba a ba su kome ba. Abin ya sosa ransu, ƙananan maganganu suka fara yawo, har Sa'adu ɗan Ubada ya kai maganar. Ku lura da abin da Annabi ya yi. Bai ce a nemo wanda ya fara maganar a hukunta shi ba, bai kuwa yi kamar bai ji ba. Ya sa aka tara masa su su kaɗai. Ya tuna musu ni'imar Allah a kansu, sa'an nan ya juya ya lissafa nasu alherin da bakinsa mai albarka: cewa ya zo musu ana ƙaryata shi suka gaskata shi, korarre suka ba shi masauki, ba shi da kome suka taimake shi. Ya bayyana musu dalilin rabon, ya tambaye su ko ba su yarda mutane su tafi da tumaki da raƙuma su kuwa su koma gida da Manzon Allah ba. Suka yi kuka har gemunansu suka jiƙe. Kuma ya cika, Madina ya koma, a cikinsu ya rasu.

A nan sai mai kamfani ya yi hattara, kada ya ce shi ma zai sallami tsofaffin yaransa da daɗin baki. Abin da Ansaru suka samu ya fi raƙuman duniya, kai kuwa ba ka da irinsa da za ka bayar. Abin da za ka ɗauka daga wannan ƙissa shi ne ka ji koken kafin ya zama gaba, ka faɗi dalilinka a fili, ka ambaci abin da suka yi maka ɗaya bayan ɗaya. Ragowar kuma ka cika shi da ƙarin albashi, ko kaso, ko ka biya wa yaron kuɗin jarrabawar ƙwarewa domin shi ma ya kai matsayin wanda ka ɗauko daga waje.

Game da yabo, hanyar Annabi ita ce ya ambaci kowa da abin da ya fi kowa a kai. A hadisin Tirmizi ya ce Zaidu ɗan Sabitu ya fi sanin rabon gado, Ubayyu ɗan Ka'abu ya fi iya karatu, Mu'azu ɗan Jabal ya fi sanin halal da haram, Abu Ubaida kuwa shi ne amintaccen al'umma. Kowa ya san gurbinsa, kowa ya san wurin wanda zai je in ya kakare, da haka jama'a take haɗuwa ba tare da hassada ba. Amma ya hana yabon da ya wuce kima, har ya ce wa wani mai yabo ya yanke wuyan abokinsa. "Kai ne ka gano kuskuren da ke shafi na 12, ka fid da mu kunya," ta fi "kai gwarzo ne" amfani sau goma.

Akwai kuma satar yabo, wadda ta yi yawa a wannan sana'a. Yara su yi wata uku suna haɗa rahoto, a buga shi da sunan maigida shi kaɗai, ya je ya karanta a gaban manya ko sunansu bai ambata ba. Mafi muni, a sa takardun shaidar wani a cikin neman kwangila, in an samu a ture shi a ba mai araha. Aya ta 188 a Suratu Ali Imrana ta yi gargaɗi mai tsanani ga masu son a yabe su da abin da ba su aikata ba, na biyun kuwa ya haɗa cin haƙƙin yaro da yaudarar mai kwangila.

Abin mamaki, wasu masu sayar da shawara a waje ba su taɓa neman ta a cikin gida ba. Masana lugga sun ce kalmar shura asalinta ɗaya da ɗebo zuma daga amya, watau ra'ayi mai daɗi yana ɓoye ne, sai an bi shi a hankali an fito da shi. Ramin da ya kare Madina a shekara ta 5 shawarar Salmanul Farisi ce, baƙo daga ƙasar Farisa, kuma da aka tashi haƙa shi Annabi ya shiga ciki yana ɗaukar ƙasa har ƙura ta rufe masa ciki. Haka ya koya wa Abu Zarri game da barori, cewa 'yan'uwa ne, kada a ɗora musu abin da ya fi ƙarfinsu, in an ɗora kuwa a kama musu. In wannan haƙƙin bawa ne, ina ga ɗa mai ilmi wanda ya zo da ƙafarsa? Daren da za a kwana ana gyara rahoto domin a miƙa da safe, maigida ya zauna tare da su, ya sayo abinci, ya tabbatar kowa ya sami abin hawa zuwa gida, musamman mata.

Saura mas'ala ɗaya da ake yawan tambaya, ita ce yankan albashi in an yi asara. Ma'aikacin da ka keɓe wa kanka da albashin wata amintacce ne a hukuncin fiƙihu, ba ya biyan abin da ya lalace a hannunsa sai in an tabbatar ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka. In kwamfutar ofis ta ƙone saboda wuta ta zo da ƙarfi, ko mai kwangila ya ƙi rahoto don ya sauya ra'ayi, ba a taɓa kwabonsa. In kuwa ya bar ta a cikin mota a buɗe aka sace, to a nan ana iya magana, ita ma bayan an ji ta bakinsa.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu juya ga ɗaya ɓangaren, watau abin da ke kan ma'aikaci: sirrin masu kawo aiki, da hukuncin kyautar da ake miƙa masa a bayan idon maigida.