Yunwa, Fushi da Alhakin Ɗan Adam

Wajen la'asar a ranar azumi, jikin mai azumi yana cikin wani aiki da shi kansa bai san ana yi ba. Sahur ya daɗe da narkewa. Insulin, sinadarin da ke shigar da sukari cikin ƙwayoyin jiki, ya yi ƙasa, takwaransa gulukagon kuma ya tashi yana sa hanta ta fito da sukarin da ta adana, wanda bai wuce kimanin giram 100 ba. Idan ajiyar ta ja baya sai jiki ya koma kan kitse. Yawancin wannan ɗawainiya don ƙwaƙwalwa ake yin ta, wadda nauyinta kusan kashi 2 cikin 100 ne na jiki amma take cinye kusan kashi 20 na kuzarinsa, ko da mutum yana kwance. Tumbi kuma yana sakin girelin, wanda masana a Japan suka gano a 1999, shi ne ke sanar da ƙwaƙwalwa cewa ciki ba kowa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya nemi izinin mai jikin. To idan yunwa da fushi da sha'awa duk sinadarai ne ke tayar da su, a kan me za a ba mutum lada ko a kama shi da laifi? Ra'ayina shi ne wannan ilimi bai rushe alhaki ba. Abin da ya yi shi ne nuna cewa alhaki yana da ma'auni, kuma addini ya riga ya faɗi haka.

Azumin kansa hujja ne. Bincike ya nuna girelin yana tashi ne a lokutan da mutum ya saba cin abinci, kuma yakan sauka bayan wani lokaci ko ba a ci komai ba. Shi ya sa yunwar azahar take zuwa ta wuce. Dubi mutum saura minti goma a sha ruwa: kunu ya huce a gabansa, ƙamshin ƙosai ya cika ɗaki, leɓunansa sun bushe, babu mai ganinsa, kuma hannunsa bai miƙa ba. Saƙon ya iso da ƙarfinsa, ba a bi shi ba. Sinadari ɗan aike ne, ba shi ke zartar da hukunci ba.

Wani zai ce ai wannan kamewar ma aikin ƙwaƙwalwa ce, ita ma nama ce da sinadari, don haka babu wani zaɓi, ɓangare ɗaya ne ya rinjayi ɗaya. Gaskiya ne nufin mutum ba ya aiki a wajen jiki, kuma babu mai hankalin da zai musa haka. Amma akwai bambancin da wannan magana ta tsallake. Ka yi wa hanta wa'azi yini guda, ba za ta fasa sakin sukari ba. Ka gaya wa mai azumi rana ta faɗi, zai ci. Ka ce masa kuskure aka yi, da sauran lokaci, zai ajiye cokali. Wani aikin yana sauyawa idan dalili ya sauya, wani ko a jikinsa. Malaman tauhidi na Ash'ariyya, waɗanda ake karanta littattafansu a zaurukanmu, sun daɗe da rarrabe hannun da ke karkarwa da hannun da mai shi ya ɗaga da gangan, alhali Allah ne ya halicci motsin duka biyun. A kan na biyun kaɗai ake tambayar mutum. Sanin sunan sinadarin da ke gudana a jijiya bai share wannan bambanci ba.

Sai dai a nan ne ya kamata masu saurin yanke wa mutane hukunci su tsaya, domin ƙarfin saƙon ba ɗaya ba ne ga kowa. Tsakanin 1944 da 1945, a Jami'ar Minnesota ta Amurka, Ancel Keys ya rage wa samari 36 abinci na wata shida da yardarsu. Sun zubar da kusan rubu'in nauyinsu, jikinsu ya rage ƙona kuzari, kuma mutanen da aka zaɓa saboda natsuwarsu suka koma masu saurin fushi, ba su da zance sai na abinci, har wasu suka shiga tara littattafan girki. A 1997 kuma likitoci a Kambirij ta Ingila suka bayyana wasu yara biyu 'yan uwan juna da aka haifa jikinsu ba ya samar da leftin, sinadarin da kitse ke fitarwa don sanar da ƙwaƙwalwa cewa akwai ajiya. Yaran ba su san ƙoshi ba. Da aka fara yi wa masu irin wannan larura allurar leftin sai cin ya ragu, ƙibar ta sauka. Wanda ya kira su masu haɗama ya zalunce su. Shari'a ta san da wannan iyaka tun kafin a san sunayen sinadaran. Alƙur'ani, a ƙarshen Suratul Baƙara, ya kafa ƙa'idar cewa ba a ɗora wa rai abin da ya fi ƙarfinsa, kuma a surar ce aka sassauta wa mara lafiya da matafiyi azumi. Hadisi ya hana alƙali yanke hukunci yana cikin fushi, malamai suka haɗa da matsananciyar yunwa. Sayyidina Umar ya dakatar da haddin sata a shekarar fari.

Daga ɗaya ɓangaren kuma za a ce wannan buɗe ƙofar uzuri ne, kowa ya zagi matarsa da yamma ya ce sukarinsa ne ya sauka. Tsoron yana da tushe, amma ilimin nan ƙara wa mutum nauyi yake yi. Wanda ya san yunwa da rashin barci suna gajarta masa haƙuri, wajibinsa ne ya kauce wa gardama a wannan lokaci, kada ya taɓa zancen saki ko horon yaro sai ya ci ya huce. Adirenalin da ke sa zuciya bugawa da hannu rawa ba ya daɗewa a jini, kuma umarnin da hadisi ya ba mai fushi na ya zauna, ko ya kwanta, ko ya yi alwala, hanya ce ta barin wannan guguwa ta wuce kafin baki ya yi ɓarna. Ba a tambayar mutum me ya sa ya ji fushi. Ana tambayarsa me ya yi da mintocin da suka biyo baya.

Inda wannan magana ta fi shafar rayuka shi ne wajen masu ciwon sukari. Akwai dattawan da gumi ke keto musu, ido na ganin dishi-dishi, hannu na rawa, amma su ƙi buɗe baki don kunyar a ce imaninsu ya yi rauni. Ƙa'idar da likitocin wannan fanni suka fitar game da Ramadan a fili take: idan awon sukari ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300, a karya azumi nan take, kuma ɗan huda yatsa don awo ba ya ɓata shi. Mai wannan larura ya ga likita tun watan Sha'aban, ya tambayi malami, ya karɓi sauƙin da Ubangijinsa ya yi masa. Iyalansa da maƙwabtansa kuma su daina yi masa kallon mai raunin addini.