Rinjayen Zato a Cikin Ɗigon Jini

Ƙoda gaɓa ce da ke aiki a ɓoye, tana tace kimanin lita 180 na ruwan jini a kowace rana, amma gwajin jinin da aka saba yi a asibiti ba ya auna wannan tacewa kai tsaye. Abin da yake aunawa shi ne kiriyatinin, wato dattin da tsoka ke zubarwa cikin jini, ƙoda kuma ta fitar da shi ta fitsari, ta yadda taruwarsa ke nuna cewa matacin ya raunana. Daga nan sai a haɗa adadinsa da shekarun mutum da jinsinsa, a kintaci mililita nawa ake tacewa a minti guda. Idan lissafin ya zauna ƙasa da 60 har wata uku an shiga ciwon ƙoda mai daɗewa, ƙasa da 15 kuwa gazawa ce da ke kusantar da mutum ga wankin ƙoda.

Masana usulul fiƙihu sun daɗe da raba yaƙini, wato sanin da ba ya karɓar kokwanto, da rinjayen zato, wanda hujja ta ƙarfafa amma kuskure bai fita daga cikinsa ba, kuma lambar da ke kan takardar gwaji tana cikin kashi na biyu. Dambe ko dako na gina tsoka, sai kiriyatinin ya hau alhali ƙoda lafiya lau take. Tsohuwar da ta rame kuwa tana iya nuna adadi mai kyau bayan ƙodarta ta yi nisa da lalacewa. Shi kansa lissafin yana ɗauke da tunanin waɗanda suka tsara shi, domin tsarin da aka fitar a Amurka a 2009 yana ƙara wa baƙar fata kusan kashi 16 cikin ɗari, ƙarin da ya sa ciwon wasu ya bayyana da sauƙi fiye da yadda yake, har aka cire shi a 2021.

Duk da haka raunin kintace bai zama dalilin watsi da shi ba, domin shari'a ta gina ayyuka da dama a kansa, kamar yadda wanda ke nesa da Ka'aba yake fuskantar alƙibla da ijtihadi. Malaman Malikiyya sun halatta wa majinyaci ya ajiye azumi idan ya ji tsoron ƙaruwar ciwo ko jinkirin warkewa, sun kuma wajabta masa hakan idan halaka ko cutuwa mai tsanani yake tsoro, alhali tsoro ba yaƙini ba ne. Abin damuwa shi ne ciwon ƙoda kan daɗe bai nuna alama ba, don haka mai jiran ya tabbatar da jikinsa kafin ya karɓi maganar likita yana iya kai azumin bazara da ƙodar da ƙishirwa ke ƙara illatawa. Abin da ya dace da irin wannan sani shi ne a maimaita gwajin, a duba furotin a fitsari, sannan a yi aiki da abin da ya rinjaya.