Abin da Ba Ka Iya Sayarwa, Naka Ne?

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, a wannan mako za mu duba wata mas'ala ta ciniki wadda ta shigo gidajenmu ta hannun 'ya'yanmu, watau sayen wasannin bidiyo.

A da, yaro kan sayi wasa a kan faifai. In ya gaji da shi, sai ya sayar wa wani, ko ya yi musaya, ko ya ba ƙanensa kyauta. Yau kuwa akasarin wasanni ta intanet ake saukar da su, daga kasuwanni irin su Steam, wadda kamfanin Valve ya buɗe a 2003. Sharuɗɗan wannan kasuwa sun bayyana cewa izinin amfani kaɗai ake ba mai biya, ba shi da ikon sayar da wasan ga wani. A 2024 kamfanin Ubisoft ya rufe wasansa The Crew, wanda ya fito a 2014, har waɗanda suka biya kuɗinsu suka wayi gari ba sa iya buɗe shi. A 2024 ɗin dai Jihar Kalifoniya ta Amurka ta yi doka ta tilasta wa masu irin wannan kasuwa su faɗa wa mutum ƙarara in izini kawai yake saye.

To, mene ne matsayin wannan a shari'a? Malamanmu na mazhabar Malikiyya sun rarrabe tsakanin bai'i da ijara. Bai'i shi ne mallakar da abu, ijara kuwa mallakar da amfaninsa zuwa wani lokaci sananne. A cikin Muhtasar na Shaihu Halilu an lissafa sharaɗin hana mai saye sayar da abin da ya saya cikin sharuɗɗan da ke ɓata ciniki, domin yana warware manufarsa. In kuwa an ce wannan haya ce, sai mu tambaya: zuwa yaushe? Hayar da ba a san ranar ƙarewarta ba, garari ya shige ta. Saboda haka wajibi ne ɗan kasuwa ya kira kowane ƙulli da sunansa, ya kuma yanke masa wa'adi.

Sa'an nan ga batun rangwame. Sauƙaƙa farashi abin yabo ne, Annabi ya yi addu'ar rahama ga mai sauƙin hali wajen saye da sayarwa. Amma wanda ya ɗaga farashi da gangan domin ya sauke shi gobe ya kira shi rangwame, lalle ya yi algus. Shi ma mai saye, in arha ta ja shi ya tara wasanni goma alhali ba zai taɓa ko biyu ba, ya faɗa cikin almubazzaranci, wanda Allah ya hana a Suratul Isra'i. Bahaushe ya ce arha ba ta ado.

Iyaye, ku tambayi 'ya'yanku kafin ku ba su kuɗi: mallaka za su yi ko aro? In wasan yana da faifai, shi ya fi, domin gobe ana iya sayar da shi a mai da wani abu.

Allah ya tsarkake mana dukiyarmu, amin. Wallahu a'alamu.