Haƙurin Wa Mu Ke Yabo?

A gidajen kallon ƙwallo na Kaduna, daga Kawo zuwa Unguwar Rimi da Tudun Wada, in gardama ta tashi a kan gwanin masu koyar da 'yan wasa, ba a daɗewa sai an ambaci Alex Ferguson. Ya riƙe ƙungiyar Manchester United ta Ingila shekara 26, daga Nuwamba 1986 zuwa Mayu 2013. Ya ci gasar ƙasar sau 13, ya ɗauki kofin zakarun Turai a 1999 da 2008. Mu ma muna yabonsa, gama ya isa yabo. Amma bari mu tambayi kanmu, 'yan'uwa: daɗewar nan da mu ke jinjina wa, aikin wane ne?

Samari da yawa ba su san farkon labarin ba. Ferguson ya yi shekara uku da rabi bai kawo kofi ko ɗaya ba. A 1989 ƙungiyar ta gama gasa a matsayi na 11, shekara mai biye kuwa a na 13. Jaridu suka yi masa ca, waɗansu 'yan kallo har suka ɗaga ƙyalle a fili suna neman ya tafi. Sai a Mayu 1990 ya ci kofin FA, gasar ƙasa kuwa ba ta zo hannunsa ba sai 1993. Da shugabannin ƙungiyar, watau Martin Edwards da Bobby Charlton da abokansu, sun bi ihun jama'a, da yau ba wanda ya san shi a Kawo. Ashe mutum ba ya daɗewa a kan aiki da ƙarfin kansa kaɗai. Lalle sai an sami waɗanda za su jure kunya tare da shi, su kuwa ba a kan rera sunansu a fili.

Mene ne suka gani da 'yan kallo ba su gani ba? Sun ga ya hana manyan 'yan wasa shaye-shaye, sun ga yana yawo gida gida yana neman yara ƙanana masu baiwa. Daga cikin yaran nan ne Ryan Giggs da Paul Scholes da David Beckham suka fito. Mai kallo ba ya ganin kome sai ƙwallon ran Asabar. Manomi kuwa ya san ba a tone iri kowace safiya domin a ga ko ya tsiro.

Abin mamaki, ƙungiyar nan da kanta ta manta. David Moyes, wanda ya gaji Ferguson, an yi alkawarin shekara shida da shi, aka sallame shi a Afrilu 2014, bai cika ko shekara ɗaya ba.

Wani zai ce, to, ai haƙuri ma ya kan wuce gona da iri. Gaskiya ne. Arsène Wenger ya riƙe Arsenal daga 1996 zuwa 2018, shi ne ya kawo Nwankwo Kanu a 1999, ya kuma gama gasar 2004 ba a ci shi ko sau ɗaya ba. Bayan wannan ya yi shekara 14 bai sāke cin gasar ba, magoya bayansa suka rabu biyu, har a nan garinmu. Ba mu ce yawan shekaru kaɗai abin yabo ba ne. Haƙurin da mu ke nufi na mai ido ne, wanda ya duba aikin da a ke yi a ɓoye, ya ga yana tafiya, sa'an nan ya toshe kunne ga ihu. Wannan ya fi korar mutum wuya, ya kuma fi barinsa kawai wuya.

Mu da mu ke tafa wa Ferguson daga nesa, yaya mu ke yi da namu? In ƙungiyar gida ta sha kashi sau uku a jere, mu ne kan gaba wajen cewa a kori koci, da yamma kuma mu koma gidan kallo muna yabon mutumin da aka jure masa shekara uku da rabi.

Duk da haka an taɓa gwada haƙurin a ƙasarmu. An ɗauki Clemens Westerhof, mutumin Holan, a 1989. A Maris 1990 Aljeriya ta ci Nijeriya 5 da 1 a wasan farko na kofin Afirka. Ba a kore shi ba. Ya riƙe aikin shekara biyar, ya ɗauko yaro Daniel Amokachi daga Ranchers Bees ta nan Kaduna ya sa shi cikin manya. A 1994 Nijeriya ta ci kofin Afirka a Tunisiya, ta kuma je gasar duniya karo na fari a Amurka. A wasanta na farko can ta ci Bulgeriya 3 da nema. Rashidi Yekini ya ci ta fari, Amokachi ya ci ta biyu, dukansu biyu haifaffun Kaduna ne.